Ginshiƙan Auta Sun Yi Ja

Tun ranar da Oga ya miƙa wa Auta aikin zanen sabon asibiti, Yaya bai sake cin abinci da daɗi ba. Shi ya kawo ta ofishin nan, shi ya koya mata riƙon linzamin kwamfuta, yau ga shi ƙanwar bayansa ake kira babbar injiniya, shi kuwa an bar shi da ɗan benen makaranta.

Rannan ta fita cin abinci, ya leƙa allonta. Manhajar da suke lissafin gini da ita tana shafa wa ƙarfen da ya ci gwaji kore, wanda ya faɗi ja, nata kuwa kore shar ko'ina. Ya shiga saitin, sai zuciyarsa ta yi fari ƙal: gwajin girgizar ƙasa a kashe yake, wanda ke tabbatar da ginshiƙai sun fi ƙarafan kwance ƙarfi don kada bene ya durƙushe. Ya ajiye abinsa sai ranar taron duba zanen asibitin.

Ranar taron, Auta na tsakiyar bayani, Oga na gyaɗa kai kamar ƙadangare, Yaya ya yi gyaran murya ya nemi izinin taɓa wuri ɗaya tak. Ya danna. Ginshiƙan hawan ƙasa suka rine ja jawur.

Oga ya zare tabarau ya tambaya wane gwani ne ya yi wannan saiti.

Auta ta dubi yayanta, ba ko ɗigon fushi a idonta. "Ai naka na kwafa, Yaya. Kai ka ce kada in taɓa komai, haka kake aiki da shi kullum."

Nan take Yaya ya tuna. Shi ya kashe gwajin da hannunsa lokacin da kwamfutarsa ke jan ƙafa, bai kuma sake kunnawa ba. Asibiti dai a allo yake tukuna. Makarantar da ya lissafa da wannan saitin kuwa an riga an kafa ƙarafanta, masu walda na can sama.

Oga ya tura masa waya, ya ce ya tsayar da su yanzu, sannan ya kai wa Auta lissafinsa ta duba.

"Sannu Yaya," in ji ta, tana jawo masa kujera kusa da tata. "Ka ceci asibitina."