Layi Na Ɗari Biyu Da Goma Sha Biyu

Manhajar ta ƙi amincewa da lissafin Kawu, kuma wata takwas ba wanda ya san dalili.

Aikin manhajar ɗaya ne: ka rubuta mata hujjar lissafi, ta bi ta layi-layi, ta ce daidai ne ko da gyara. Inda ka tsallake wani abu, ita za ta cike gurbin da kanta. In ta kasa, sai ta zazzago jan rubutu shafi uku wanda ko masu ƙera ta sai sun sha ruwa kafin su karanta.

Injiniya, 'yar ƙanwar Kawu, ita aka ɗora wa gyaran wannan jan rubutu. Ba wai manhajar ta ƙara wayo ba, a'a, ta dai iya buɗe baki ta faɗi abin da ke damunta. Tana da ƙa'ida: duk saƙon da ta gyara, sai ta sauka ƙasa ta karanta wa tsohon maigadin ofis.

"Baba, saurara. An kasa daidaita nau'in ɓoyayyen gurbi na bakwai."

"Wa ya ɓoye shi?"

"Ba kowa."

"To koma. Ni in mota ta ƙi tashi, ce mini za a yi ga wayar da ta tsinke."

Sau biyar tana hawa tana sauka. Abin da ya riƙe ta shi ne son ganin me manhajar ke nema a gurbin nan na bakwai. Ta sa manhajar ta daina nuna tarkacen cikinta, ta nuna layin da mutum ya rubuta da hannunsa, da abin da ta nema ta rasa. A karo na shida maigadi ya ce, "Yawwa. Yanzu ta yi maganar mutane."

Da azahar Kawu ya zo da jakarsa. Farfesa ne, shekara bakwai yana kan hujjar nan, jibi zai gabatar da ita gaban taron masana.

"Ke, an koya wa sakaran injin naku magana?"

"Zauna mu gani, Kawu. Ni ma ban gwada da hujjarka ba."

Ta danna. Maimakon shafi uku, layi biyu suka fito: "A layi na 212 ka raba da b. Na nemi inda ka nuna b ba sifili ba ne, ban samu ba."

Kawu ya yi dariya. "Wannan ai ko yaro ya sani. A babi na biyu na nuna."

Ya buɗe babi na biyu, yana bi da yatsa. Ya koma na uku. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ikon Allah. To in sifili ne fa, me zai faru?"

Ya ja takarda. Ita ma ta matso da kujera, shayinsu ya huce suna zana. Kafin la'asar sun samo misali guda inda b sifili ne, kuma a nan duk ginin hujjar ya rushe.

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Da me? Wata takwas tana gaya mini, ina zaginta." Ya sake leƙa allon. "Ai da kin bar ta da gwarancinta har bayan jibi."

Ya karɓi wayarta, tasa ba caji. Ya kira masu taron, ya ce su cire sunansa.