Kuwwa a Zauren Gilashi

Shekara goma sha tara yana haɗa wa mawaƙa sauti, har abokan aiki suka bar kiran sunansa, sai dai Injiniya. Ran nan ya riga kowa isa zauren da za su yi wasa da yamma, kuma tun daga ƙofa wurin bai kwanta masa ba. Bango ɗaya duk gilashi ne, ƙasa tayil, rufin kuma kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A irin wannan wuri sauti ke dukan bango ya dawo cikin makirufo, sifika ta ɗauki kuwwa.

Ya turo manyan sifiku can gaban dandamali suna kallon kujeru. Ƙananan na ƙasa, waɗanda mawaƙa ke jin kansu da su, ya ajiye kowacce ta bayan makirufo, ɓangaren da ba ya ɗaukar sauti. Sannan ya liƙa salatif a inda ƙanwarsa, mawaƙiyar ƙungiyar, za ta tsaya.

"Kada ki wuce nan. Kuma ban da rufe kan makirufo da tafin hannu."

"Yaya, shekara shida kana gaya min."

"Shekara shida ba ki ji ba."

Mai ganga, tsohon abokinsa, ya ce, "Ka liƙe mata ƙafar gaba ɗaya mana, kowa ya huta."

Ya koma gun na'urarsa ta haɗa sauti a ƙarshen zaure, suka fara gwaji. A nan ya ji ta. Wata siririyar ƙara ce, kamar zare, irin wadda ke zuwa kafin sifika ta ɓarke da ihu. Ya rage makirufon ƙanwar, ƙarar ba ta motsa ba. Ya hau dandamali ya ja sifikar mai kaɗa jita baya, ya sa aka saki labule a kan gilashin. Tana nan.

"Ku tsaya. Kuna jin wannan?"

Suka kasa kunne. Mai ganga ya ce, "Ni dai kukan cikina nake ji."

Injiniya ya kashe makirufo ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya zare wutar duka. Zaure ya yi tsit. Ƙarar na nan a kunnensa na hagu, ya toshe shi da yatsa, sai ma ta ƙara fitowa. Ya tuna kwanan nan yakan sa matarsa ta maimaita magana, kuma bai san ranar da ya koma amsa waya da kunnen dama ba.

"Ta tafi?" in ji ƙanwar.

"Ta tafi," ya ce, ya mayar da wuta.

Ƙarfe biyar zaure ya cika. Waƙa biyu suka wuce lafiya. A ta uku ya ga wata mata a layin gaba ta yamutsa fuska ta dafe kunnuwa, na kusa da ita ma haka. Kuwwa ce ta tashi, ya sani daga fuskokinsu, amma ya kasa raba ta zauren da tasa. A da cikin ƙiftawar ido yake gane makirufon da ke kuka. Ya rage na mai jita, ba shi ba ne. Ƙanwar ta tsaya da waƙa tana kallonsa daga nesa. Mai ganga ne ya ajiye sanduna ya taso, ya sa ƙafa ya juya sifikar gabanta, wadda wani ya ture ta karkace. Mutane suka sauke hannuwansu.

Bayan an watse yana naɗe wayoyi, ƙanwar ta taɓa kafaɗarsa. Mai ganga na tsaye a hagunsa, babu alamar wasa a fuskarsa.

"Yaya, sau uku ya kira ka."

Ya ci gaba da naɗe wayar da ke hannunsa.

"Gobe mu je asibiti," in ji ta.

"Akwai babban wasa ranar Asabar. Sai an gama."

"Gobe," in ji mai ganga, wannan karon ya zagayo ta damansa.

Ya ɗaga musu kai don su bar shi. Ya loda kaya a mota, ya zauna, ya rufe ƙofa. Bai tayar da motar ba, saboda wata ƙarar, siririya sosai, ta soma a kunnensa na dama.