Tubalin Tsohon Taru

Labbo ya ɗauki tubali ɗaya ya jujjuya shi. Koren zaren roba ya tsattsago ta ko'ina a jikinsa kamar gemun bunsuru.

"Tamba, ɗiyata za ta kwanta cikin ɗakin nan da jariri. Sadatu ce fa, haihuwar fari."

"Na ji, Labbo. Sau huɗu ke nan ka faɗi tun safe."

Tamba magini yana bisa bango, ya ware ƙafafu kamar mai hawan jaki. Saura sati uku a kawo Sadatu daga gidan mijinta a Nassarawa ta Birnin Kebbi, ta haihu gaban uwarta a Argungu, ga damina ta matso. Ɗakin da za a sauke ta ya zube tun bara. Fari kuma ya sa shanu sun cinye ramno, ciyawar da ake cuɗa ƙasar gini da ita, ko ƙwara babu. Tamba ne ya hango tsohon tarun Labbo yashe a bayan rumbu, ya sa aka yayyanka shi gutsi-gutsi tsawon yatsa, aka tattake shi cikin laka kwana uku.

"Kakanninmu da ciyawa suka yi gini," in ji Labbo.

"Kakanninka sun ga tarun roba? Da sun gani ai da sun riga ni. Ciyawa gara take ci ta bar rami. Wanga ko, gara ta taɓa shi sai haƙorinta ya zube. Jeho!"

Labbo ya jefa tubalin sama yadda aka saba. Sai Tamba ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya ƙi cafewa. Tubalin ya dawo ƙasa, tim!

"Kai, Tamba! Wasa muke?"

"Ɗauko shi ka gani."

Labbo ya durƙusa. Tubalin ya tsage gida biyu, amma bai rabu ba. Ya kama gefe da gefe ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, zaren ya riƙe gam. Ya sa ƙafa ya taka rabi, ya sake ja. Sai ya zauna a ƙasa yana haki, yana kallon magini.

Aishatu matarsa ta leƙo daga madafa. "Malam, kai da ka ce babu kifin da ya gagare ka, yau laka ta kayar da kai?"

Labbo ya karkaɗe hannuwansa. "Ina ka koyo wannan, Tamba?"

"Bakin gulbi. Ka duba inda tsohon taru ya nutse cikin gaɓa, ruwa na cin ko'ina ya bar wurin."

Shekara talatin Labbo yana wuce irin wuraren nan da kwalekwale, bai taɓa lura ba.

Da la'asar tubali ya ƙare, saura sahu biyar bango ya kai.

"Taru ya ƙare," in ji Tamba yana saukowa. "Na sama sai mu yi da ƙasa zalla. Allah zai tsare."

Labbo ya ɗaga kai ya dubi inda azara za ta zauna, daidai saman gadon mai jego. Ya shiga zaure, ya fito rungume da tarunsa mai kyau, wanda yake kamun kifi da shi.

"Malam!" in ji Aishatu. "Da me za ka shiga ruwa?"

"Abokina Dankure zai ara mini nasa. In ya hana, na yi fatsa."

Ya shimfiɗa tarun a gaban Tamba, ya tsuguna.

"Miƙo wuƙar. Tsawon yatsa ka ce, ko?"