Masu Riƙe Tsani

Mai fenti yana can ƙolin tsani, daf da tagar bene, gardama ta kaure a ƙasa. Kawunsa da mijin yayarsa, waɗanda ya roƙa su riƙe masa tsanin, suka hau musu kan zakarun boksin biyu na ajin masu nauyi: da Guduma da Bahago sun haɗu suna ganiyarsu, wa zai kayar da wani?

"Naushi ɗaya ya ishi Bahago," in ji kawu, ya saki hannu guda ya gwada.

Tsanin ya girgiza. Mai fenti ya leƙa ƙasa, siminti ne zalla. Ya ƙanƙame tsanin da hannu biyu.

"Kawu, don Allah a riƙe."

"Muna riƙe. Kai raba mana gardama, waye gwani?"

Ya san halinsu sarai, duk wanda aka ba rashin gaskiya fushi yake yi ya kama gabansa.

"Bari in sauko in faɗa muku," ya ce a hankali.

"Daga nan ma muna jinka," in ji mijin yayar.