Layin da Aka Bar wa Noeline

Kwana biyu da rasuwar Glenys, Misis Pybus ta gidan shirya jana'iza ta zo da takardarta ta zauna a teburin kicin. Sanarwar rasuwa ta zo rubutawa, wadda za ta fito a jaridar Asabar. A garin Cygnet kuwa, ko wanda ba ruwansa da jarida yana duba wannan shafin. Da shi ake sanin wa zai zauna a sahun gaba a coci, wa za a miƙa wa hannu a yi wa ta'aziyya.

"Abar ƙaunar mijinta Desmond," ta karanta. "Uwar Bronwen. Saura ke, Noeline. Me zan sa?"

Shekara goma sha tara Noeline na soyayya da Glenys, da sanin Desmond da yardarsa. Rabin mako Glenys na gidan Noeline, rabi tana nan gonar tuffa wajen mijinta, ran Lahadi su ci gasasshen rago su uku. Ba wanda ya ɓoye wa wani komai. Abu ɗaya Noeline ta ƙi ƙememe, shi ne a sa wa abin suna.

A taron da masu irin zamansu ke yi duk wata a birnin Hobart, al'ada ce kowa ya manna takarda a ƙirji ya rubuta abin da yake kiran kansa. Glenys, wadda ko kwalbar jam, dafaffen 'ya'yan itace da sukari, ba ta bari ba suna da kwanan wata, takan cika tata fal: mai son maza da mata, mai masoya biyu. Noeline sunanta kawai take rubutawa. "Ni ba kwalbar jam ba ce," in ji ta. A yi dariya, har da tafi, ita kuma kanta ya yi ta fashewa. Wayo take gani ta yi, baiwar Allah.

Glenys ma takan yi dariyar. Sai sun shiga mota ta ce, "To ni fa, in an tambaye ni, in ce ke wace ce a wajena?"

"Ki ce Noeline."

Haka ta yi ta cewa. Ko a asibiti, da ma'aikaciyar jinya ta tambaya, Glenys ta juyo da kai da ƙyar ta dubi Noeline, ta jira, ta jira, sannan ta ce, "Noeline ce."

"Yawanci 'aminiya' muke sawa," in ji Misis Pybus a hankali. "Can ƙasa, bayan dangi."

"Aminiya?" Desmond ya dire kofin shayinsa. "Wadda ta yi wata huɗu tana juya ta a gado?" Ya dubi Noeline, idanunsa jajur. "Noe, sarauniyar taurin kai, ba ni zan zaɓa miki ba. Glenys ta hana ni. Ta ce in ba ki faɗa da bakinki ba, a bar layin haka nan."

"Des, ka san ra'ayina."

"Na san shi. Duk Hobart ta san shi. Ran Asabar kuma Cygnet za ta karanta shi."

Noeline ta ɗaga kai. A kan kantar kicin kwalabe ne jere, kowace da rubutun Glenys, har ta ƙarshe da hannun ya fara rawa. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki irin wanda ba ta san akwai shi ba. Ashe duk shekarun nan ba 'yancinta take karewa ba, barin Glenys take yi tsaye gaban mutane ba abin faɗa.

"Matarta," ta ce.

Alƙalamin Misis Pybus ya tsaya. "An ɗaura ne a hukumance?"

"Jarida ce ko kotu?" in ji Desmond. "Rubuta."

Ta rubuta. Noeline ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, don ta ji yadda kalmar take a baki. Ba ta shaƙe ta ba, ba ta rage ta da komai ba.

"Ta yi nauyi?" Desmond ya tambaya.

"A'a."

"To."

Sai ta waiga wajen kujerar bakin taga, kamar yadda ta saba in ta faɗi abin kirki, don ta ga fuskar Glenys. Bargon Glenys ne kawai a ninke a kai.