Kwallin Inna Balkisu

Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara Hubbare ya san Inna Balkisu mai kwalli, ko da bai san sunanta ba. Nata ba irin garin kwalba na shago ba ne. Dutse ne mai nauyi, mai ƙyalli kamar fasasshen madubi, wanda fatake ke kawo mata daga wajen Zamfara. Ƙasar Sakkwato ai yashi ce da farar ƙasa. Tsohon dutsen da duniya ke zaune a kansa sai an nausa gabas yake leƙowa waje, da zinariyarsa da duk abin da ya ɓoye. A tsakar gidanta na Ƙofar Taramniya take niƙa shi da hannunta har ya yi laushi.

Zancen tsohon dutsen nan ma a bakin ɗanta Bashar ta tsince shi, ba kuwa ita yake gaya wa ba. Ɗan fari ne, don haka kunya ta shiga tsakaninsu tun yana goye. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "wancan". Shi ma gaisuwa ce daga bakin ƙofa, kai a sunkuye. Ya yi karatun duwatsu a jami'a, ya samu aiki, ya tare a unguwar Arkilla. In yana ba ƙannensa labari a zaure, sai ta yi kamar tankaɗe take, alhali kunnenta na can. Unguwa kaf ana yabon wannan kunya, wai tarbiyya ke nan. To, a yi ta yabo.

Da lokacin yayen 'yarsa Rukayya ya yi, aka kawo ta wurin kaka kamar yadda aka saba. Duk son da Inna ta danne wa uban, a kan yarinyar ta juye shi. Kullum da safe sai ta rangaɗa mata kwalli. In tana niƙa, Rukayya na gefenta, tana dangwalar garin tana kai wa baki, Inna na dariya tana cewa ƙawarta ta gaji sana'a. Yayen da aka ce na 'yan kwanaki ne sai da ya ci watanni.

Bayan an mayar da yarinyar sai labari ya riƙa zuwa guntu-guntu: ciwon ciki, suma, sai kuma maganar da ta fara ta ɗauke. Aka daina kawo ta. Ba wanda ya ce wa Inna komai, ita kuma ba ta da bakin tambayar wancan. Ta ɗauka bakin mutane ne ya kama jikarta. Ta aika da rubutu, ta haɗa da kwalli mafi kyau.

Da Safiya matar Bashar ta sake haihuwa, Inna ta hau keke mai ƙafa uku da hantsi, tandun kwalli a ƙulle a bakin zane. Ta tarar da Rukayya zaune a lungun falo, ta rame, yawu na zuba. Ta kira ta ƙawata, yarinyar ta bi ta da ido kamar baƙuwa. Abin ya soki Inna ƙwarai, amma ta haɗiye, ta karɓi jariri, ta kwance tandu.

Caraf Safiya ta riƙe mata hannu.

"Inna, don Allah kak ki sa mai."

"Mi na na? Da wanga kwalli anka buɗe idon ubanai."

"Kwallin ga shi yak kashe min Rukayya tana raye," in ji Safiya. "Likita ya ce gubar dalma ta cika mata jini. Dutsen ga da kike niƙawa dalma na, Inna. Abin da yat taɓa ga ƙwaƙwalwa ba shi dawowa."

Inna ta dubi tandun. Shekara da shekaru tana shafa wa 'ya'yan mutane, ana yi mata godiya.

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

"Ke ba ki sani ba. Shi fa?" Safiya ta nuna ƙofa, inda Bashar ke tsaye, kai a sunkuye kamar kullum. "Tun shina jami'a ya san ko mi ne. Da bakinai yag gaya min a asibiti. Wai kunya ta hana shi ce miki sana'arki guba ta. Ya ga kina niƙa, ya ga ɗiyatai zaune gabanki, yag gaishe ki yat tafi."

Inna ta jira ya ƙaryata, ko da ƙarya ce ta yarda ta karɓa. Bai ɗago ba. Ladabin nan nasa da ta yi shekaru tana alfahari da shi a ɓoye, yau ta ji ƙyamarsa har cikin ranta.

Ta miƙa wa Safiya jaririn. Ta tashi da ƙyar, ta taka har gabansa, ta tsaya inda ba ta taɓa tsayawa ba tun da ta haife shi.

"Bashar," ta ce. "Ɗago ka dube ni."