Hotona a Bangon Coci

Rasmane ya ɗauki hotona ya kai wa fastonsu.

Ɗan aminina ne. Da ubansa ya rasu ni na riƙe shi, na koya masa goro a kasuwar Sankaryare. Da ya girma ya shiga coci a unguwar Dasasgo. Ban hana shi ba, ban kuma fasa cin abinci da shi ba.

Ranar Talata 'yata Hadiyya ta zo rumfa ta miƙo mini wayarta. Ga ni a jikin wani ƙaton ƙyalle a bangon cocin, cikin babbar rigata ta saƙi, da rubutun Faransanci a ƙasa.

"Karanta," na ce.

"Baba, wai jiya matsiyaci, yau mai albarka. Wai ɗanka ya shuka iri da sunanka, Allah ya buɗa maka."

Rigar nan ta ubana ce. Da ita ya zo daga Salga. Ranar da aka rushe mana gida a unguwar Zangwatan, ita na fara fitarwa kafin tabarma. Na kwana a fili da iyalina, amma ba wanda ya taɓa ce mini matsiyaci.

Na aika aka kira Rasmane. Ya same ni ina tsince goron da sankara ta ci. Ya durƙusa.

"Wane iri ka shuka mini?"

"Baiko ne, Baba, sadakar coci. Na sayar da babur ɗina na ba fasto kuɗin. Ai ka ga bana goronka bai lalace ba."

"Bai lalace ba don kullum ina buɗe huhun goron, in sake ganye, in yayyafa ruwa. Da hannunka ka yi shekara goma kana yi. Kai da ka shuka, me ya tsiro maka? Ƙafa?"

Ya sunkuyar da kai. Takalminsa duk ya cinye.

"Fasto ya ce nawa ba zai fito ba sai ka zo Lahadi ka tsaya a gaban jama'a. Ba sai ka yi magana ba. Ka sa rigar kawai."

Na ji tausayinsa, ban nuna ba. Na ce gobe ya dawo rumfa, akwai aiki, akwai tuwo. Ƙyallen kuma ya sauko kafin Juma'a.

"Baba, minti biyar ne fa."

Na ɗaure bakin huhun.

"Ba ni zuwa. Rigar ma ba ta zuwa."